Sharhi: Ba a fafe gora ranar tafiya

A duk lokacin da bam ya tashi a kasuwa ko a tashar jirgin ƙasa, ko kuma wani bala'i ya afka wa gari, hankalin mahukunta da na kafofin yaɗa labarai yakan karkata ne ga tambayoyi guda biyu, wato wane ne ya aikata, kuma yaya aka yi jami'an tsaro ba su ankara ba. Daga nan sai a shiga ƙara kasafin kuɗin tsaro, a girka shingaye, a sayo na'urorin bincike. Ko shakka babu waɗannan matakai suna da amfaninsu. Amma akwai tambaya ta uku da ba a cika ɗaga murya a kanta ba, alhali kuwa ita ce ke yanke hukunci a kan yawan gawarwakin da za a ƙirga washegari: wa ya fara isa wurin waɗanda suka jikkata, bayan minti nawa, kuma da me a hannunsa? Ra'ayinmu a nan shi ne, duk ƙasar da ta ware ma'aikatan agajin gaggawa daga cikin shirinta na tinkarar ta'addanci da bala'o'i, to rabin shiri ta yi, kuma a wannan fage rabin shiri da rayukan mutane ake biyansa.

Dalilin haka kuwa a jikin ɗan Adam yake. Baligi yana ɗauke da jinin da bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma idan ƙarfen bam ko harsashi ya tsinka babbar jijiyar cinya, mutum na iya rasa ransa cikin 'yan mintoci ƙalilan. Wanda numfashinsa ya toshe ma haka abin yake. Ƙwararren likitan tiyata da ke jira a asibiti, komai gwanintarsa, ba shi da abin da zai yi wa wanda jininsa ya riga ya ƙare a kan titi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin lokacin da aka ji rauni da lokacin da hannun da ya san aiki ya taɓa majinyaci, ita ce filin da ake cin nasara ko a sha kaye. Abin da ya faru a biranen Manchesta da Paris da Tokyo da kuma Akara ya isa ya zama darasi.

A daren 22 ga watan Mayun shekarar 2017, da misalin ƙarfe 10 da minti 31, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a harabar babban zauren wasanni na birnin Manchesta da ke Birtaniya, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga wani bikin kaɗe-kaɗe. Mutane 22 suka rasa rayukansu, da yawa daga cikinsu yara ne da matasa. Birtaniya ƙasa ce mai motocin ɗaukar marasa lafiya da ƙwararrun ma'aikata da asibitoci na gani na faɗa, to amma kwamitin binciken da mai shari'a Sir John Saunders ya jagoranta ya bayyana a rahotonsa na watan Nuwamban 2022 cewar aikin ceton da aka gudanar a wannan dare ya gaza matuƙa. Ma'aikatan jinya na gaggawa guda uku kacal ne suka shiga harabar da bam ɗin ya tashi, ɗaya daga cikinsu ma ya daɗe shi kaɗai a ciki. 'Yan kwana-kwana, waɗanda ke da gadajen ɗaukar majinyata da horon fitar da mutane, ba su iso ba sai bayan sama da sa'o'i biyu, domin an tsayar da su ne a wata tasha nesa da wurin suna jiran umarni. Ala tilas 'yan sanda da mutanen gari suka riƙa ɗaukar waɗanda suka jikkata a kan shingayen ƙarfe da allunan talla.

Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne labarin wani matashi mai shekaru 28 da ya samu munanan raunuka a ƙafafunsa. Wani bawan Allah da ke wurin ya ɗaure masa ƙafa da bel, ya riƙe kusan sa'a guda yana jiran taimako, amma zuciyar matashin ta tsaya sama da sa'a ɗaya bayan fashewar bam ɗin. Kwamitin ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai da ya rayu, in da an ba shi kulawar da ta dace a kan kari. Matsalar ta samo asali ne daga rashin magana da juna. 'Yan sanda sun ayyana cewar mai yiwuwa akwai 'yan bindiga a wurin, amma ba su isar da wannan ga sauran hukumomin yadda ya kamata ba, kuma shugabannin ɓangarorin uku ba su hallara wuri ɗaya da wuri domin su yanke shawara tare ba. Abin takaicin ma shi ne, shekara guda kafin wannan hari an gudanar da atisaye a wata babbar cibiyar kasuwanci ta yankin, inda irin wannan jinkiri ya fito fili, amma ba a gyara ba har ranar ta zo.

A daura da haka, sai a dubi birnin Paris a ranar 13 ga watan Nuwamban 2015, lokacin da 'yan ta'adda suka kai hare-hare a kusa da filin wasa na Stade de France da wasu gidajen cin abinci da kuma zauren Bataclan, suka kashe mutane 130. A safiyar wannan rana, bisa ga wata ƙaddara mai ban mamaki, hukumar agajin gaggawa ta SAMU da 'yan kwana-kwanan birnin sun gudanar da atisaye a kan yadda za su tinkari harbe-harbe a wurare da dama a lokaci guda, ta yadda da dare ya yi abin ya zama gaskiya, wasu likitocin sun zaci ci gaban atisayen ne. Nan take aka ƙaddamar da abin da Faransawa ke kira Farin Shiri, wanda ke bai wa asibitoci ikon kiran ma'aikata daga gidajensu da sallamar marasa lafiyar da za su iya jira da kuma buɗe ɗakunan tiyata. Cibiya guda ce ke rarraba majinyata zuwa asibitoci daban-daban domin kada a cika wa asibiti ɗaya kaya. Likitocin da suka yi aikin sun ba da labarin cewar buƙatar maɗaurin tsayar da jini ta yi yawa, har ma'aikata suka koma tasoshinsu babu bel a ƙugunsu. Daga cikin mutane sama da 300 da aka kai asibitocin gwamnatin birnin, waɗanda suka cika a can ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Ba a ce aikin Paris ya kuɓuta daga suka ba, domin an yi ƙorafi a kan tsawon lokacin da wasu suka kwashe kwance a Bataclan kafin a fitar da su. Amma duk da haka bambancin da ke tsakanin garin da ya yi atisaye ya kuma yi aiki da shi, da garin da ya yi atisaye ya ajiye rahoton a cikin durowa, a bayyane yake.

Adalci ne a nan a saurari hujjar shugabannin da ke tsayar da ma'aikatansu a baya. Sun san cewar 'yan ta'adda kan dasa bam na biyu musamman domin masu kawo ɗauki. Mutanen Jos sun ga haka da idanunsu a ranar 20 ga watan Mayun 2014, lokacin da bam na biyu ya tashi a kasuwar Terminus kimanin rabin sa'a bayan na farko, ya rutsa da waɗanda suka ruga domin ceto. Babu shugaban da zai so ya aika yaransa cikin tarko, kuma ma'aikacin jinyar da ya mutu ba zai ceci kowa ba. Wannan tsoro na gaskiya ne. Sai dai jira har a tabbatar da cewa babu sauran haɗari ko ƙanƙane, shi ma hukunci ne da ke da nasa gawarwakin, illa iyaka su ba a ganinsu a matsayin laifin kowa. Hanyar da ƙasashe da dama suka bi ita ce raba wurin da abin ya faru zuwa sassa gwargwadon haɗarinsa, a kuma horar da wasu ma'aikatan jinya na musamman da ke sanye da sulke, waɗanda za su shiga sashen da haɗari ya ragu a ƙarƙashin rakiyar 'yan sanda. A Bataclan likitocin rundunar 'yan sanda ta musamman tare da jami'an suka shiga. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai idan ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da ma'aikacin jinya sun san fuskar juna tun kafin ranar, suna kuma magana ta na'urar sadarwa iri ɗaya.

Darasi na gaba daga Tokyo ya fito. A safiyar 20 ga watan Maris na 1995 mabiya ƙungiyar Aum Shinrikyo suka watsa gubar sarin a cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa guda biyar, inda mutane 12 suka mutu a wancan lokaci, sama da 5,000 kuma suka nemi magani. Asibitin St Luke da ke kusa ya karɓi mutane 640 a wannan yini, kuma akasarinsu ba a cikin motar asibiti suka zo ba, da ƙafa suka iso ko a tasi ko a motocin masu wucewa. Da yake ba a san irin gubar ba da farko, ba a tuɓe wa mutane tufafi an wanke su a waje ba, a sakamakon haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan asibitin suka ji alamun gubar a jikinsu, kazalika ma'aikatan motocin agaji sama da 130. Abubuwa biyu ne suka rage asarar. Na farko, shugaban asibitin, Dokta Shigeaki Hinohara, ya sa an gina shi da bututun iskar oksijin a bangon barandoji har da ɗakin ibada, bisa tunanin cewa wata rana za a buƙaci kwantar da ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Na biyu, wani likita da ya yi jinyar waɗanda irin wannan guba ta shafa a garin Matsumoto a 1994 ya gane alamun daga talabijin, ya aike wa asibitocin Tokyo bayani ta na'urar faks.

Abin lura a nan shi ne, a ranar bala'i jama'a ba sa jiran tsari. Masu ƙananan raunuka da ke iya tafiya su ne ke fara cika asibiti mafi kusa, kafin a iso da waɗanda ke bakin mutuwa. Wannan ne ya sa tantance majinyata ya zama ginshiƙin aikin gaggawa. Tun zamanin Napoleon likitan sojansa Dominique Larrey ya kafa ƙa'idar cewa tsananin rauni ne zai nuna wanda za a fara dubawa, ba tare da la'akari da muƙami ba, kuma shi ne ya ƙirƙiro kekunan doki masu sauri da ke kwaso sojoji daga fagen daga. A yau ana amfani da launuka: ja ga wanda ke buƙatar taimako nan take, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga ya cika. Aiki ne mai ɗaci, domin yana tilasta wa ma'aikaci ya wuce mai kuka da ƙarfi ya nufi wanda ya yi shiru. Wanda bai koyi wannan a lokacin zaman lafiya ba, tausayi ne zai ja shi ga mai ihu, shi kuwa mai shirun ya tafi.

Mai karatu a Kumasi ko Ngaundere ko Njamena na iya cewa duk wannan zancen masu kuɗi ne, domin a inda babu motar asibitin da za a kira, maganar sulke da na'urar sadarwa tatsuniya ce. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma abin da bincike ya nuna yana ƙara wa hujjarmu ƙarfi ne. Wani nazari da aka wallafa a 1998 ya kwatanta makomar mutanen da suka samu munanan raunuka a biranen Kumasi da Monterrey na ƙasar Meziko da Seattle na Amurka. A Kumasi kashi 63 cikin 100 ne suka mutu, a Seattle kuwa kashi 35, kuma mafi yawan wannan tazara ta auku ne tun kafin a isa asibiti. Ma'ana dai, a ƙasashe matalauta titi ya fi ɗakin tiyata cin rayuka, kuma a nan ne kuɗi kaɗan zai fi yin tasiri.

Ghana ta koyi wannan ne ta hanya mai zafi. A ranar 9 ga watan Mayun 2001, a ƙarshen wasan ƙwallo tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Akara, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, aka yi turmutsitsi a ƙofofin fita, mutane 126 suka rasu, cikinsu har da matasa da dama daga unguwannin zango irin su Nima. A lokacin ƙasar ba ta da hukumar motocin agaji ta ƙasa baki ɗaya, kuma wannan musiba na daga cikin abubuwan da suka kai ga kafa ta a 2004. A watan Janairun 2020 gwamnati ta raba sabbin motoci 307 ga mazaɓun ƙasar. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Amma fa mota ƙarfe ce kawai. Idan babu mai a tankinta, babu kuɗin gyara, babu wanda zai ɗaga waya a cibiyar kira da tsakar dare, ko kuma aka isa asibiti aka ce babu gado, to an sauya wa majinyaci wurin mutuwa ne kawai. 'Yan siyasa a ko'ina suna son ranar yanke ƙyalle da jera motoci masu sheƙi a gaban 'yan jarida, domin ana ganinsu a hoto, alhali albashin mai amsa waya da horon direba ba sa fitowa a hoto.

A ƙasar Ghanar dai aka gwada wata dabara mai sauƙin kuɗi tun kafin zuwan motocin. Da masana suka lura cewar direbobin tasi da na ƙananan motocin haya su ne ke kai akasarin waɗanda suka yi haɗari asibiti, sai suka horar da direbobi sama da 300 a ƙarshen shekarun 1990 a kan buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini da ɗaure karaya, ta amfani da kayan da ke hannu, kuma daga bisani aka ga yadda suke aiki da abin da suka koya. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne ke raunata manoma, an horar da ma'aikatan jinya na karkara da dubban ƙauyawa, kuma cikin 'yan shekaru yawan mace-macen masu munanan raunuka ya sauko daga kimanin kashi 40 zuwa kimanin kashi 15 cikin 100. Ita kanta Amurka ga wannan hanya ta koma. A harin gudun yada ƙanin wani na Boston a watan Afrilun 2013 mutane uku ne suka mutu a wurin, sama da 260 suka jikkata, amma duk wanda aka kai asibiti da ransa ya rayu, kuma ɗaure gaɓoɓi da aka yi nan take ya taka muhimmiyar rawa. A 2015 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangamin koya wa talakawa yadda ake tsayar da jini.

Daga dukkan wannan, abin da muke kira gare shi a fili yake. Wajibi ne gwamnatoci su daina kallon agajin gaggawa a matsayin ƙanin ma'aikatar lafiya da ake tunawa da shi bayan an gama rabon kuɗi, su zaunar da shugabanninsa a teburin da ake tsara tsaron ƙasa. Hukumar da ba ta iya kwaso mai naƙuda ko wanda mota ta buge a ranar Talata da rana tsaka ba, ba za ta rikiɗe ta zama gwana ba a ranar da bam ya tashi, saboda haka kuɗin da aka zuba a aikin yau da kullum shi ne ainihin kuɗin shirin bala'i. Kowane asibiti na buƙatar rubutaccen tsari na karɓar majinyata masu yawa, wanda ma'aikata suka gwada da jikinsu, tare da lissafin jinin da ke ma'ajiya da jerin waɗanda za a kira. Kowane atisaye kuma ya ƙare da sunan wanda aka ɗora wa alhakin gyara kurakuran da aka gano, da ranar da zai kawo bayani. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a 2019 da ke kira ga ƙasashe su tabbatar da kulawar gaggawa ga kowa, Birtaniya kuma ta amince a watan Afrilun 2025 da wata doka, wadda mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan Manchesta ta yi shekaru tana fafutuka a kanta, da ke wajabta wa masu wuraren taruwar jama'a su tanadi shirin tinkarar hari. Amma ƙuduri da doka takardu ne, sai an bi su da kuɗi da sa ido.

Saura kuma nauyin da ke kan jama'a, wanda babu gwamnatin da za ta ɗauke musu. A Manchesta da Tokyo da Jos da Akara, mutumin da ya fara durƙusawa kusa da wanda ya jikkata ba jami'i ba ne, maƙwabci ne ko direba ko ɗan kasuwa. Al'ummominmu a zangon Ghana da Kamaru da Sudan da biranen Turai da Amurka suna da masallatai da makarantu da ƙungiyoyin direbobi da na matasa, waɗanda ke tara ɗaruruwan mutane a ranakun Juma'a da idi da bukukuwa. Babu abin da zai hana kowannensu ya gayyato ma'aikatan jinya ko ƙungiyoyin agaji su koyar da mutum goma ko ashirin yadda ake danne rauni da ƙarfi, da yadda ake ɗaure gaɓa a saman wurin da jini ke ɓulɓula, da yadda ake kwantar da wanda ya suma a kan gefensa. Darasi ne na 'yan sa'o'i, kuma kayan aikinsa ba su fi ƙarfin asusun unguwa ba. Shugabannin da ke tara kuɗin tabarmi da lasifika su sanya akwatin agajin farko a cikin lissafin bana, su kuma tabbatar an san wanda ke riƙe da makullin ƙofar fita.